Tsakanin Nilu Biyu: Tafiya Cikin Garuruwa da Gonakin Jazira ta Sudan

Wanda ya tashi daga Khartum ya kama hanyar Madani ba ya jimawa a cikin jihar babban birni. Da an wuce Soba sai Bagair, daga nan kuwa an shiga wilayar Jazira ke nan. Na bi wannan hanya a lokacin sanyi, kafin yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023, saboda haka abin da zan faɗa game da kasuwanni da zirga-zirga, yadda suke kafin yaƙin ne. Shimfiɗar ƙasar da rabon ruwanta da sunayen garuruwanta kuwa suna nan yadda suke.

Jazira ita ce ƙasar da ke tsakanin Shuɗin Nilu a gabas da Farin Nilu a yamma, kafin kogunan biyu su haɗu a Khartum. Shimfiɗe take kamar faifai, ba tudu ba kwari, sai ɗan gangare kaɗan daga kudu maso gabas zuwa arewa maso yamma, wanda ido ba ya gani amma ruwa yana bin sa. Ƙasar baƙar laka ce mai nauyi. Da rani takan tsage har hannu ya shiga, in ta sha ruwa kuma ta kumbura ta rufe, ta riƙe ruwan ba ya zurarewa ƙasa. Wannan hali na lakar da wancan ɗan gangare su ne suka sa ake iya shayar da kusan faddan miliyan 2.1 ba tare da inji ba kuma ba tare da an shafe magudanai da siminti ba. Faddan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne, wato ya ɗan ɗara eka.

Abin da baƙo ya kamata ya fara ganewa shi ne, rabo biyu ne a kan ƙasa ɗaya, kuma iyakokinsu ba su dace da juna ba. Akwai rabon gwamnati: wilaya, wato jiha, mai wali, wato gwamna, a Wad Madani, a ƙarƙashinta mahalliyya takwas, wato ƙananan hukumomi, kowace mahalliyya an kasa ta zuwa wahada idariyya, wato gundumomi, kowace wahada da ƙauyukanta. Mahalliyyoyin su ne Kamlin, Hasahisa, Madani Babba, Jazira ta Kudu, Managil, 24 Al-Ƙurashi, Jazira ta Gabas da Ummul Ƙura. Biyun ƙarshe ma ba a tsakanin kogunan suke ba, suna hayin gabas na Shuɗin Nilu, a gefen filin Butana. Wilayar a wannan fasali ta samo asali ne daga rabon jihohi na 1994, kuma ƙidayar 2008 ta ba ta mutum sama da miliyan 3.5. Sannan akwai rabon mashru'u, wato babban shirin noman ruwa, wanda ya kasa gonaki zuwa manyan sassa 18 da ake kira gisim, da ƙananan sassa sama da 100 da ake kira taftish, yana bin magudanan ruwa ba iyakar hukuma ba. Takardar haihuwa da makaranta da harajin kasuwa na mahalliyya ne. Ruwa da iri da lissafin kaka na taftish ne. In ka tambayi manomi inda gonarsa take, ba zai ambaci mahalliyya ba, zai faɗa maka sunan taftish, da sunan tur'a, wato magudanin ban ruwa, da lambar nimra, wato filin da gonarsa ke ciki. Ni a ganina wannan rabo na biyu shi ne ya fi taɓa tukunyar mutane.

Mahalliyyar Kamlin ita ake fara ratsawa. Arewacinta ya fi kama da gefen Khartum: masana'antu a Bagair, sai birnin masana'antu na Jiyad inda ake haɗa motoci da taraktoci kafin yaƙin. Sai an kusa Masid ne ƙauyukan bakin kogi ke fara jeruwa, Alti, Ummu Magad, Tikaina, Wad Turabi, gidajen jan bulo da na laka masu katanga, kowanne da hasumiyar masallaci da tankin ruwa a sama. Masid tsohuwar cibiyar karatun Alƙur'ani ce. Kamlin kanta tsohon gari ne wanda tun zamanin mulkin Turkawa aka kafa masa masana'antar baba da ta sabulu. Titin siriri ne, hannu biyu a kwalta ɗaya, manyan bas da tireloli suna goga wa juna, kuma haɗarinsa ya yi suna. Wanda zai bi shi ya tashi da safe. Mutanen waɗannan ƙauyuka suna da wata al'ada da ta cancanci a faɗa: da azumi, in magariba ta gabato, sukan fito su tare titi, su tsayar da bas, su sauke fasinja kaf su kai su kan tabarmi a sha ruwa tare. Direba ba ya iya ƙi.

Daga Abu Ushar an shiga ƙasar Hasahisa, mahalliyya mai yawan ƙauyuka, wadda ta miƙe daga bakin kogi har can Abu Guta a yamma. Hasahisa garin auduga ne: injinan gurza, masaƙar da aka gina da taimakon Sin a shekarun 1970, tashar jirgin ƙasa, da kasuwa wadda duk ƙauyukan yamma ke sauke kaya a cikinta. Amma ba ita ce tsohuwar ba. Arbaji da ke kudu da ita kaɗan ta girme ta nesa ba kusa ba, domin birnin fatauci ce tun zamanin daular Funj. Haka Masallamiyya, wadda a ƙarni na 19 tana cikin manyan kasuwannin yankin, sai jirgin ƙasa da kwalta suka bi bakin kogi suka bar ta a ciki. A wannan mahalliyya ne ƙasar ƙabilar Halawin take, inda Abdulƙadir Wad Habuba ya yi wa Ingilishi tawaye a 1908 aka kama shi aka rataye. Halawin har yanzu an san su da tsayawa kan haƙƙin manoma. Akwai kuma Tabat, garin shehunan ɗariƙar Sammaniyya.

A nan ne na sauka daga kwalta na bi gaɓar tur'a zuwa cikin gonaki, kuma a nan ya kamata in tsaya in bayyana yadda ruwan ke tafiya, don in ba a gane shi ba, ba a gane Jazira ba.

Ruwan duka daga madatsar Sinnar yake fitowa, wadda aka gama a 1925, tsawonta kimanin kilomita 3. Manyan magudanai biyu ne suke tasowa daga gare ta kafaɗa da kafaɗa, na Jazira da na Managil, su yi tafiyar kilomita 57 zuwa wata mahaɗa da kowa ke kira Kilo 57, inda ake rarraba ruwan. Daga nan sai rassa, daga rassa sai manyan tur'o'i, daga su sai ƙananan tur'o'i. Ƙaramar tur'a ita ce ta manomi. A jikin gaɓarta an binne bututu a kowace tazara ta kusan mita 300, kowanne da ƙofarsa, kuma kowane bututu yana zuba ruwa a wata kwata da ake kira abu ishirin. Abu ishirin ɗaya yana shayar da nimra ɗaya, fili mai tsawon mita 1,350 da faɗin mita 280, wato faddan 90 cif. An yanka nimra zuwa hawasha, wato gonar mutum ɗaya: a tsohon tsari hawasha tara masu faddan 10, a tsarin baya kuma 18 masu faddan 5. Daga abu ishirin ƙaramar kwata mai suna abu sitta ke ɗaukar ruwa ta bi gefen hawasha, daga ita sai jadwal ya shigar da shi tsakanin kunyoyi.

Lissafin da aka gina tsarin a kansa mai sauƙi ne. Bututu ɗaya zai ba da mita 5,000 na ruwa, a awon cikin akwati, a awa 12 na yini. Faddan ɗaya yana shan kamar 400 a ban ruwa ɗaya. In ka ninka da 90 ka raba da 5,000, za ka ga nimra tana ƙoshi cikin mako guda, sai a rufe ta mako guda, a dawo mata ranar 14. Da dare ba a ban ruwa a asalin tsarin. Ana rufe bututu da yamma, ƙaramar tur'a ta cika ta ajiye ruwan da ke zuwa daga sama, da safe a buɗe da ƙarfinsa. Shi ya sa aka haƙa ƙananan tur'o'in da faɗi fiye da abin da gudun ruwa ke bukata. Mufattish, wato jami'in taftish, shi ke tattara bukatar kowace tur'a ya aika wa injiniyan ruwa, injiniya ya tara ya aika sama har Sinnar. Gafir ne ke buɗe ƙofa da rufewa. Samad kuma manomi ne daga cikin masu nimra, wanda ke lura da jerin wanda zai sha bayan wani.

Inda abin ke lalacewa a bayyane yake ga duk wanda ya bi tur'a daga bakinta zuwa wutsiyarta. Shuɗin Nilu a watannin Yuli da Agusta yakan zo da jar laka daga tsaunukan Habasha, kuma a daidai lokacin ne dawa da gyaɗa da auduga ke neman ruwa. Lakar tana shiga magudanai. A babban magudani gudun ruwa na tura ta, amma a ƙaramar tur'a, inda ruwa ke kwana a tsaye, sai ta kwanta. Ajiyar daren da ta zama dabarar tsarin ita ce kuma tarkon laka. Tur'a ta cike, ciyawa ta tsiro a kan lakar, ruwa ya rage gudu, wata lakar ta ƙara kwanciya. Na bakin tur'a suna samu, na wutsiya suna kallo. Manoma suna kiran wannan atash, ƙishirwa, kuma ita ce kalmar da na fi ji a bakinsu. Maganinta motar haƙa da suke kira karraka, amma ita ma in mai tuƙa ta ba ya bin awo, yakan zurfafa tur'a fiye da kima, ruwa ya koma ƙasa da bakin bututu. Ga ruwa a tur'a ana gani, ba ya hawa gona. Sai ka tarar da manomi ya ɗora injin ban ruwa a gaɓa yana ƙona man dizal a shirin da aka gina don kada a bukaci inji. Wasu kuma sukan fasa gaɓa su ja ruwa ta ɓarauniyar hanya, abin da ke ƙara wa na ƙasa ƙishi. Da damina matsalar takan juye: in ruwan sama ya sauka a kan gonar da aka gama shayarwa, laka ba ta tsotsewa, magudanan fitar da ruwa sun toshe, shuka ta nutse.

Shekarar noma kashi biyu ce. A zangon bazara ana shuka gyaɗa a Yuni, dawa a Yuli, auduga daga Yuli zuwa Agusta. A zangon sanyi alkama ce babba, tare da albasa da kabkabe da sauran kayan lambu. Alkama a nan tana tsere da zafi ne. Dole ta shiga ƙasa a Nuwamba. In kuɗin banki ko taki ko tarakta ya makara aka kai tsakiyar Disamba, zafin ƙarshen Fabrairu zai same ta tana cika ido, ƙwayar ta motse, buhu ya yi sauƙi. Dawa kuma babban abokin gabarta ƙuduji ne, wanda suke kira buda, kuma yana ƙaruwa a gonar da ake maimaita dawa ba hutu. Auduga tana fama da farin ƙuda mai sa danƙo a zare ya karya farashi, da tsutsar da ke huda ƙwallo. Tun 2012 aka shigo da irin audugar da aka sauya wa halitta don maganin tsutsar. A da doka ce a tuge karan auduga a ƙone bayan tsinka don kada cuta ta ketare zuwa baɗi, kuma dukan nimra shuka ɗaya take ɗauka, a juya shekara-shekara har da ta hutu. Awon kaka da shawal ake yi, wato buhu, da ardab ga dawa, da kintar ga auduga.

Wad Madani tana kan gaɓar yamma, kimanin kilomita 190 daga Khartum. Sunanta daga Shehu Madani Sunni ne, wanda ƙubbarsa ke cikin gari. Birni ne mai inuwa, da titin bakin kogi mai manyan itatuwa, da Jami'ar Jazira da aka kafa a 1975, da hedikwatar hukumar binciken aikin gona ta ƙasa, inda aka fitar da yawancin irin dawa da alkama da ake shukawa a Sudan. Gada ta haɗa ta da Hantub a hayin gabas, kuma ta kan gadar nan ne hanyar Gadarif da Kasala da Port Sudan ta bi. Daga tashoshinta ake samun motar kowace kusurwa ta wilaya: hafla, wato ƙaramar bas, zuwa manyan garuruwa, a-kori-kura da suke kira boksi zuwa ƙauyukan cikin gonaki. Da dare masu agashe suna hura wuta a bakin titi, kuma Bahaushe ba ya bukatar a gaya masa daga ina wannan nama mai ƙuli da yaji ya zo.

Kudu da Madani kaɗan, a cikin mahalliyyar Jazira ta Kudu, akwai Barakat. Ƙaramin wuri ne, amma shi ne hedikwatar mashru'u, wato babban birnin rabo na biyu. Kusa da shi Marinjan take da injinan gurzarta. Tarihin shirin a taƙaice: an gwada noman auduga da ban ruwa a Tayyiba a 1911, aka buɗe shi sosai da gama madatsa a 1925, gwamnati da wani kamfanin Ingila da manoma suna raba ribar auduga. Masu ƙasa na asali an karɓi filayensu haya a kan girshi 10 kowane faddan, batun da jikokinsu ba su daina tayarwa ba. A 1950 kamfanin ya tafi, hukumar gwamnati ta karɓa. A farkon shekarun 1980 aka bar asusun haɗaka aka koma kowa da lissafinsa. Dokar 2005 ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama, ta miƙa ƙananan tur'o'i ga ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kuma a 2009 aka sallami mafi yawan ma'aikata. 'Yancin yana da daɗin ji, amma bututun da aka auna don shuka ɗaya a nimra yanzu ana neman ya shayar da dawa da albasa da auduga a lokaci guda, kowanne da ranar ƙishinsa. Ƙaramin jirgin ƙasan shirin, wanda ke kwaso auduga daga taftish zuwa injin gurza, ya tsaya, an ma ɗebe dogonsa a wurare da yawa. Gidajen mufattishai da na gani a hanya, masu baranda da itatuwa, da dama babu rufi. Abin yana da ciwo, domin ba ƙasar ce ta gaji ba, kuma kogin bai ƙafe ba.

Sauran garuruwan Jazira ta Kudu, Hosh da Madina Arab da Haj Abdallah da Wad Haddad, kasuwannin ƙauye ne masu ci mako-mako. Biyun ƙarshe suna kan hanyar Sinnar.

Zuwa Managil sai a juya yamma daga Madani. Wannan ɓangare ƙari ne da aka yi wa shirin daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa farkon na 1960, wanda ya kusa ninka faɗinsa, aka kuma gina madatsar Rusairis a 1966 don ƙara ajiyar ruwa. An ba manoman Managil rabo ƙarami, jimillar faddan 15 ga kowane manomi a maimakon jimillar 40 na tsohuwar Jazira, don a wadatar da mutane da yawa, ciki har da makiyayan da ƙasar ta kasance wurin kiwonsu. Garin Managil yana kan ɗan tudun da ruwan tur'a ba ya hawa, kuma gari ne na 'yan kasuwa: injinan matsar man gyaɗa da riɗi, injinan niƙa, masana'antun alewa da sabulu, da babbar kasuwar hatsi. Kusa da shi akwai Shikainiba, mazaunin zuriyar Shehu Mukashfi. Ƙauyukan wannan yanki da dama suna da nisa daga Sinnar ta hanyar ruwa, don haka in atash ya zo suna cikin waɗanda yake fara kamawa. Da yawansu ma ruwan shansu daga tur'a yake, kuma in an rufe magudanai bayan girbin alkama don gyara, sai ɗan abin da aka sako na sha. Tsargiya da zazzaɓin cizon sauro abokan zaman duk wanda ke bakin tur'a ne, musamman yara masu wanka a ciki. Mahalliyyar 24 Al-Ƙurashi daga jikin Managil aka cire ta, ita ce ƙaramar ƙanwa a cikin takwas ɗin, kuma sunanta na tunawa da Ahmad Al-Ƙurashi, ɗalibin da kisansa ya tayar da juyin Oktoban 1964.

Shawara ga matafiyi a wannan ɓangare: in ka bar kwalta, hanyarka gaɓar tur'a ce, kuma daga Yuli zuwa Satumba ruwan sama na awa ɗaya ya isa ya tsayar da kowace mota har sai laka ta bushe. Gada a kan tur'a ba ta da yawa, don haka ƙauyen da kake hange zai iya zama tafiya mai nisa. Tambayi hanya da sunan tur'a da na kubri, wato gada. Masauki ba ya wuya, kowane gida mai hali yana da diwan na baƙi, kuma da hantsi za a fito da faɗur, kisra da miya ko wake, a ci tare a tire ɗaya.

Hayin gabas wata duniya ce. Daga Hasahisa gada ta ƙetara zuwa Rufa'a, hedikwatar Jazira ta Gabas, garin Shukriyya da sauran kabilu, inda Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata ta farko a Sudan a 1907. Arewa da ita akwai Junaid, masana'antar sukari ta farko a ƙasar, tun 1962, wadda ke shan ruwa da injina daga kogi, sai Hilaliyya da Wad Rawa. In aka nausa gabas cikin Butana sai Tambul, mai babbar kasuwar raƙuma da tumaki. A nan ba tur'a, noman damina ne da kiwo, da hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama. Dabbobin nan ne ke ƙetarowa su ci karan dawa da harawar gyaɗa a hawasha bayan kaka, kuma manomi yana sayar da wannan kiwo da kuɗi mai kyau. Kusa da inda kogin Rahad ke faɗawa Shuɗin Nilu akwai Abu Haraz da ƙubbobin shehunan Arakiyyin. Ummul Ƙura kuwa tana cikin wani shirin dabam, na Rahad, wanda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1970, hedikwatarsa a Fao cikin wilayar Gadarif. Ƙauyukansa da lamba ake kiran su, domin a takarda aka zana su kafin a gina.

Akwai mazauna da ba su samu cikakken gurbi a ko ɗaya daga rabon biyu ba. A gefen tur'o'i, nesa kaɗan da ƙauyukan masu hawasha, za ka ga unguwannin bukkoki da ɗakunan laka. Kowace sunanta kambo, jam'i kanabi. Mazaunansu zuriyar leburorin da suka zo aikin auduga ne, daga Darfur da Kurdufan da Chadi, da kuma Hausawa da Fulani da Barebari, waɗanda da yawansu kakanninsu mahajjata ne da suka tsaya neman guzuri a hanyar Makka. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya iso da jama'arsa suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, 'yan shekaru kafin a fara madatsar. Garin ba a wilayar Jazira yake ba, amma hannun mutanen yamma yana cikin aikin wannan ƙasa tun farkonta. A kanabi da dama na ji ana Hausa tsakanin tsofaffi da mata, matasa kuma sun fi sakewa da Larabci.

Yau yawancin aikin hawasha a hannun mutanen kambo yake. Mai gona ya tsufa, 'ya'yansa suna Khartum ko Saudiyya, sai ya ba da ita sharaka, a raba amfani, ko ya ba da haya ta kaka ɗaya, wadda suke kira dangada. Mai noman ya san kowace kunya, amma sunansa ba ya cikin littafin taftish, don haka ba shi da bakin magana a kan ruwa kuma banki ba ya ba shi bashi. Sai ya koma ga ɗan kasuwa ya ci shail, wato ya karɓi kuɗi da damina ya biya da buhu a farashin da aka yanke tun shuka ba ta fito ba. A wajen mahalliyya kuma, kambon da ba a yi masa rajista a matsayin ƙauye ba, ba ya cikin lissafin makaranta da asibiti da famfo da wuta, ko da an haifi kakan mai unguwar a wurin. Filin da suke zaune na mashru'u ne, hidimar da suke nema ta mahalliyya ce, kowane ofis yana iya tura su ɗayan. An daɗe ana maganar tsara musu ƙauyuka na dindindin, wasu sun samu, da yawa ba su samu ba.

Yaƙi ya iso Jazira a Disamban 2023, lokacin da dakarun RSF, rundunar da ta shiga yaƙi da sojojin Sudan, suka kama Wad Madani, birnin da a lokacin yake cike da waɗanda suka gudo daga Khartum. Ƙauyuka sun sha kisa da wawashe dukiya, an kwashe taraktoci da iri da taki. An yi kisan gilla a Wad Nura a Yunin 2024, sannan a garuruwan gabas irin su Tambul da Hilaliyya daga Oktoban shekarar. Sojoji sun karɓe Madani a Janairun 2025, kuma a kwanakin nan aka kai hare-hare kan wasu kanabi, har da Kambo Tayyiba a Ummul Ƙura, bisa zargin mazaunansu da goyon bayan ɗaya ɓangaren. Waɗanda suka koma gida sun tarar da tur'o'in da suka yi kaka biyu ba a yashe su ba. Aikin da ke gabansu daga Kilo 57 yake farawa: a gyara ƙofofin rabo, a yashe manyan tur'o'i kafin ƙanana, a bi awon asali wajen haƙa, a mayar da gafir kan kowace ƙofa, kuma a gama duk wannan kafin jar lakar Yuli ta sake sauka.